Lambar yabo kaɗai ba ta isa ba

Wani labari da na gani ya ce wani malami a Jos ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan matasan Unguwar Rogo da Gangare a jiki, wai saura a ba shi lambar yabo. Ni dai yabon bai ishe ni ba. Tun rikicin 2001 da gobarar kasuwar Terminus a 2002 jarin iyaye da yawa ya karye, yara suka taso ba makaranta ba shago, ga ƙwaya a kowane lungu. An hana maganin tari mai kodin a 2018, amma hanin bai ba kowa abin yi ba. Irin malamin nan ne ke riƙo hannun yaro da sassafe ya kai shi wurin kafintocin Katako, ya tsaya masa gaban maigida, in zarto ya ɓata, malamin za a nema. Ɗan'uwa da ka ce neman suna yake, ka taɓa zuwa belin yaron da ba naka ba? Masu hannu da shuni na Jos, wa zai ɗauki kuɗin WAEC na yaran nan bana?