Ɗaga Ƙarfe Ba Ya Tsumburar da Yaro

Makon jiya na je gaishe da Yayata, na tarar ana faɗa a tsakar gida. Ɗanta mai shekara 14 ya samo gwangwanayen madara guda biyu, ya cika su da kwaɓaɓɓen siminti, ya soka guntun bututu a tsakaninsu, ya ɓoye a bayan madafi yana ɗagawa da asuba. Ranar dubunsa ta cika. "Wallahi ba a gidan nan ba! So kake ka tsumbure? Ga kawunka nan, shi ma ya gaya maka."

Ban tanka a gaban yaron ba, don ba a ƙaryata uwa a idon ɗanta. Amma ko rabin awa ba a yi ba ta aike shi ɗebo ruwa, ya dawo da jarka mai cin lita 25 a kafaɗa, ya karkace gefe guda yana nishi. Kilo 25 ke nan cif. Gwangwanayen da ake rigima a kansu na ɗaga su da hannuna, ba su kai rabin haka ba.

Wannan tsoro na tsumburewa ya daɗe a cikinmu, kuma ba daga sama ya faɗo ba. A bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani wuri mai laushi kamar guringuntsi, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo har ya gama girma. Idan wurin ya samu mummunan rauni, girman ƙashin na iya tawaya. Gaskiya ne. Sai dai inda aka ga irin wannan rauni wajen ɗaga ƙarfe, galibi yaro ne ya kinkimi abin da ya fi ƙarfinsa, babu mai kallo, babu mai koyarwa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sake duba maganar a rahotonta na 2020, ta ce atisayen ƙarfafa tsoka da aka tsara daidai da shekarun yaro, kuma babba na lura, ba ya hana tsawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu motsa jiki na minti 60 a rana, a ciki har da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako.

Wani zai ce ai masu ɗaga ƙarfen da muke gani a talabijin gajeru ne. Haka ne, da yawansu. Naim Süleymanoğlu na Turkiyya, wanda ya ci zinare a Olamfik na 1988 da 1992 da 1996, bai kai mita ɗaya da rabi ba. Amma gajeren hannu da gajeriyar ƙafa su ke rage nisan da ƙarfe zai yi kafin ya kai sama, shi ya sa wasan ke tace gajeru. Ko akwai wanda ya yarda ƙwallon kwando ce ta sa 'yan wasanta suka yi tsawo? Tsumburewar da ke addabar yaranmu a Arewa daga kwanon abinci take farowa, da yawan ciwo tun ana goye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙashi. Shi ƙashi rayayye ne, idan tsoka ta ja shi, nauyi ya danna shi, sai ya ƙara kauri da ƙwari. Kuma lokacin da ya fi karɓar wannan gini shi ne shekarun balaga, wajen 12 ga 'yan mata, wajen 14 ga samari. Abin da aka tara a lokacin da shi za a shiga tsufa. Tsohuwar da ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, labarin ƙashinta tun tana budurwa ya fara. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga yadda muke cire 'ya'ya mata gaba ɗaya daga zancen nan, wai kar su yi jikin maza. Ba za su yi ba, jikin mace ba haka yake ginuwa ba. A cikin ɗakinta, da suturarta, yarinya za ta iya tsugunnawa ta miƙe sau goma sha biyar, ta dafa bango ta tura jikinta, ta yi tsallen igiya. Mene ne abin kunya a nan?

Ko yaron da bai balaga ba yana ƙara ƙarfi sosai, ko da damtsensa bai kumbura ba, domin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke koyon sarrafa tsokar. Faɗuwa da targaɗe a filin ƙwallo su ragu. Yaro mai ƙiba kuwa, wanda kullum shi ne na ƙarshe a tsere har ya tsani wasanni, sau da yawa a nan yake fara fin sa'o'insa, ka ga ya fara ɗaga kai idan yana tafiya.

Kakanninmu sun tashi da kokawa da langa da hawan bishiya da noma. Yaran birni yanzu daga benci sai waya. Muka kuma mayar da tsallen kwaɗo horo a makaranta, yaro ya tashi yana ganin gumi wulaƙanci ne.

Ban ce a sake su kara zube ba. Daga shekara 7 ko 8, idan yaro na iya bin umarni, a fara da nauyin jikinsa kawai. In an zo ga ƙarfe, ya zama wanda zai ɗaga sau 8 zuwa 15 bayansa bai lanƙwashe ba, kwana biyu ko uku a mako, da hutun kwana a tsakani. Gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi a bar ta sai ƙashi ya gama nuna. Mai sikila ko ciwon zuciya ko farfaɗiya, likita tukuna. Ƙwayoyi da alluran kumbura jiki da ake raɗa wa samari a wasu wuraren atisaye kuwa, waɗannan su ne ke iya rufe bakin ƙashi da wuri su tsayar da tsawon da gaske. Wake da awara da ƙwai da nono sun ishe shi.

Da yaron ya fita na ce, "Yaya, in kika hana shi a nan, wani lungu zai je ya yi inda ba idonki, hannun waɗanda ba ki sani ba." Ta yi shiru, can ta ce to ni zan riƙa zuwa ina dubawa. Na amsa, duk Asabar da safe. Jarkar kuma mun yi da ita a samo baro.