Ƙannena masu shiga wasan kwamfuta: ku san abin da kuke saya, ku san abin da kuke bayarwa

Assalamu alaikum. Wannan rubutu na ƙannena ne na Gusau, Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, waɗanda suka fara barin wasan waya da gidan gem suna komawa kwamfuta. Tambayoyin da nake gani kullum a guruf ɗinmu iri ɗaya ne: RAM nawa ake buƙata, wannan laftof ta hannu za ta ɗauki FC (wasan ƙwallon kamfanin EA da a da ake kira FIFA) ko GTA, nawa ne katin hoto mai kyau. Babu laifi a ciki. Amma akwai tambayoyi biyu da ba na jin kowa yana yi, alhali a wurinmu mutanen Zamfara sun fi waɗancan nauyi: wasan da ka biya kuɗinsa zai buɗe ranar da babu sabis? Kuma me yake kwasa daga kwamfutarka a lokacin da kake wasa?

Babbar kasuwar wasannin kwamfuta ita ce Steam, ta kamfanin Valve na Amurka, wadda aka buɗe a 2003. Bayanta akwai Epic Games Store da ta zo a ƙarshen 2018, da GOG wadda kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya kafa a 2008. A Steam da Epic, in ka danna maɓallin saya kuɗinka ya fita, abin da ka samu lasisi ne, wato izinin yin wasan a ƙarƙashin asusunka muddin ka kiyaye sharuɗɗansu. Wannan ba fassarata ba ce. A 2024 jihar Kalifoniya ta yi doka da ta tilasta wa masu sayar da irin waɗannan kaya su fito fili su faɗa wa mai saye haka, kuma a watan Oktoba na shekarar Steam ta fara rubuta shi a shafin biyan kuɗi. Asusun kansa ba a yarda ka sayar ko ka miƙa wa wani ba. Mu da muka san duk abin da mutum ya mallaka yana shiga gado, ya kamata wannan kaɗai ya nuna mana cewa ba mallaka ba ce. Kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Wanda yake ganin maganar ta takarda ce kawai ya duba abin da ya faru da The Crew, wasan tseren motoci na Ubisoft da ya fito a 2014. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin ya kashe manyan kwamfutocin da wasan yake dogara da su, shi ke nan wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saya, har wanda yake yinsa shi kaɗai ba tare da kowa ba. Fushin wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannun mutane fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Waɗancan mutane ne da intanet ba ta yanke musu, wuta ba ta ɗauke musu, amma suka ga abin bai yi ba.

To, mu fa? A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta yi makonni babu waya babu data, wasu ƙananan hukumomin sun fi haka daɗewa. Ba na kawo wannan don in haɗa wasa da abin da jama'a suka sha a lokacin; mutane sun kasa jin lafiyar iyayensu, ciniki ya tsaya, wasu sai sun fita jihar kafin su buga waya. Na kawo shi ne don mu gane cewa waɗanda suka tsara waɗannan kasuwanni sun gina su a kan zaton intanet ba ta taɓa ɗaukewa, mu kuwa mun ga ta ɗauke da idonmu. Ko a ranakun lafiya, wuta ta tafi, batirin eriyar unguwa ya mutu, data ta ƙare ana tsakiyar wata. Duk tsarin da yake buƙatar ka gaisa da wata kwamfuta a Turai kafin ka buɗe abin da ke kan taka, ba a yi shi da mu a rai ba.

Makullin hana kwafi, wanda ake kira DRM, iri-iri ne. Na Steam kansa mai sauƙi ne: in ka shiga asusunka, ka sauke wasan, ka buɗe shi sau ɗaya da intanet, yawanci za ka iya komawa yanayin rashin intanet ka ci gaba. Matsalar tana farawa ne inda kamfanin wasan ya ɗora nasa makullin a kai. Wanda ya fi suna shi ne Denuvo, na wani kamfanin ƙasar Ostiriya, wanda ya bayyana a 2014, kuma FIFA 15 yana cikin wasannin farko da aka sa wa shi. Yana duba kayan cikin kwamfutarka, ya karɓo shaidar izini ta intanet wadda ta dace da ita kaɗai. In Windows ta sabunta kanta, ko ka canza wani abu a cikin injin, shaidar tana iya lalacewa, sai an sake neman wata. Babu sabis, babu wasa. Sannan akwai na uku: ka sayi wasa a Steam, ka danna shi, sai wata manhaja ta EA ko ta Ubisoft ko ta Rockstar ta taso ta ce ita ma sai ka buɗe asusu a wurinta. Imel na biyu ke nan, kalmar sirri ta biyu, da wani kamfani na biyu da ya san lokacin da kake zaune a gaban kwamfuta.

Abin da ya fi ɓata min rai a nan shi ne, wahalar duka a kan wanda ya biya take sauka. Wanda ya kwafo fasasshen wasa, wato na sata da aka karya makullinsa, ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan shingaye.

Akwai dabara ɗaya da nake so kowa ya riƙe. Steam tana mayar da kuɗi in ka nema cikin kwana 14 da saye, matuƙar ba ka yi wasan ya kai awa 2 ba. Kafin ka saya, duba shafin wasan, suna rubuta ko akwai makullin wani kamfani ko ana buƙatar wani asusu. Bayan ka sauke, buɗe shi sau ɗaya, ka rufe, ka kashe data gaba ɗaya, ka sake kunna kwamfutar, ka gwada. In ya ƙi, ka nemi kuɗinka tun lokaci bai wuce ba. Batun data kuwa kada a raina shi: Red Dead Redemption 2 yana neman gigabait 150 a kan kwamfuta, ga shi a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. In abokinka yana da wasan da kai ma ka saya, Steam ta yarda ka kwafo fayilolin daga wurinsa, ba sai ka ƙona datarka ba.

Ra'ayina a fili yake: ga mai farawa a Zamfara, GOG ce ta fi dacewa da halinmu. Wasanninta babu makulli. Kana iya sauke fayil ɗin girkawa cikakke, ka ajiye a filash ko wani faifan ajiya, ka girka shi bayan shekara biyar ba tare da ka nemi izinin kowa ba. The Witcher 3, Cyberpunk 2077 da Baldur's Gate 3 duk suna can, ga tsofaffin wasanni masu ɗimbin yawa da aka gyara don su tashi a Windows ta yanzu, waɗanda kuma su ne daidai ƙarfin laftof ɗin da yawancinmu muke riƙe da ita. Gaskiya ba za ka sami FC ko GTA V a can ba, kuma na san saboda ƙwallo rabin masu karanta wannan suka sayi kwamfutar. Wannan gibi ne babba, ba zan ɓoye ba. Sai dai abin da ka saya a can yana hannunka. Kuma rashin makulli amana ce aka ba ka. Ba izini ba ne ka raba wa unguwa.

Yanzu maganar da kowa ya sani amma ba a son faɗa: yawancin wasannin da ke kan kwamfutocin garin nan fasassu ne, an zuba su a shago tare da Windows ɗin. Ba zan zagi kowa ba. Sabon babban wasa dala 70 ne, Steam ba ta karɓar naira, dala ta haura naira 1,000 tuntuni, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun 2024. Wato wasa ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Shugaban Valve, Gabe Newell, ya taɓa cewa a 2011 satar wasanni matsala ce ta rashin kyakkyawar hidima, ba ta farashi ba. A nan dukansu biyun ne. Amma haƙƙin waɗanda suka ƙirƙiri wasan yana nan, kuma ko an ajiye shi gefe, hatsarin a kanka yake. Umarni na farko da ake bai wa mai girka fasasshen wasa shi ne ya kashe antibairos. A 2021 kamfanin tsaro na Avast ya bankaɗo wata muguwar manhaja mai suna Crackonosh da aka ɓoye a cikin fasassun GTA V, PES 2018, Far Cry 5 da wasunsu. Ta shiga kwamfutoci fiye da 200,000, tana kashe kariyar Windows, tana amfani da injin mutum wajen haƙo wa wasu kuɗin kirifto. Mai kwamfutar yana ganin tana zafi tana nauyi, ya ɗora laifin a kan zafin Afrilu. Wasu irinta kalmomin sirri suke kwashewa daga burauza. Ka tuna a kan wannan laftof ɗin ne kake shiga banki, a nan hoton katin NIN ɗinka yake, da furojet ɗinka na makaranta, da hotunan iyalin gidanku.

Haka masu tallan asusu mai araha a WhatsApp da Telegram, waɗanda za su ba ka imel da kalmar sirri su ce ka shiga ka sauke ka kashe intanet. Asusun ba naka ba ne, an sayar wa mutane da yawa, wani lokaci ma na sata ne. Ranar da aka canza kalmar sirri, babu wanda za ka kai wa ƙara. Mai ƙaramin ƙarfi gara ya jira rangwamen da Steam take yi a tsakiyar shekara da ƙarshenta, ko ya riƙa karɓar wasannin da Epic take bayarwa kyauta duk mako, ko ya yi eFootball wanda Konami ta mayar kyauta tun 2021.

Kada kuma a ɗauka wanda ya biya ya tsira ta fuskar sirri. Wasannin gasa da yawa yanzu suna zuwa da manhajar hana maguɗi wadda take shiga can cikin zuciyar Windows, inda babu abin da ya ɓuya mata. Vanguard ta wasan Valorant haka take tun 2020, kuma EA ta kawo irin tata a kwamfuta tun FIFA 23. Kamfanonin sun ce masu maguɗi kawai suke nema, ban kuma ce ƙarya suke ba. Amma iko ne mai girma, kai kuma ba ka da hanyar duba abin da ake yi da shi. Wanda yake aiki da bayanan mutane, ma'aikacin asibiti ko na banki ko mai POS, kada ya ɗora irin waɗannan a kwamfutar aiki. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita, abu ne mai kyau. Sai dai kafin ƙorafinka ya isa wani kamfani a Amurka, bayanan sun riga sun tafi.

Akwai kuma sirrin da ya shafi rai kai tsaye, wanda ɗan wasa a Jamus ba ya tunaninsa. A jihar da ake sace mutane don kuɗin fansa, bai kamata ka sa sunanka na gaskiya da hotonka da unguwarku a Steam ko manhajar hira ta Discord ba, balle ka ɗauki hoton ɗakinka da injin miliyoyi ka watsa. Buɗe imel daban don wasa. Zaɓi sunan da ba ya nuna gidanku. Mayar da shafinka na abokai kaɗai. Kunna Steam Guard, wato kariyar da ke neman tabbaci na biyu kafin a shiga asusunka, a wayarka, kuma duk wanda ya turo maka mahaɗi ya ce ka shiga ka zaɓi ƙungiyarsa ko ka karɓi kyauta, kada ka taɓa, ko da daga asusun abokinka ya fito, domin wataƙila nasa aka fara ƙwacewa.

Iyaye da yayye, ku ma akwai naku. A watan Disamba na 2022 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta sa Epic biyan dala miliyan 520 a kan wasanta Fortnite: miliyan 275 saboda tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da izinin iyayensu ba, miliyan 245 kuma don a mayar wa waɗanda tsarin maɓallan wasan ya sa suka sayi abin da ba su yi niyya ba. Cikin ƙorafin har da cewa an bar hirar murya a buɗe, yara suna magana da manyan da ba su sani ba. In ƙaninka ko ɗanka zai yi wasa a kwamfutarka, buɗe masa nasa asusun da shekarunsa na gaskiya, ka rufe hirar murya da baƙi, kuma bayan kowane ciniki ka cire katin bankinka daga asusun, kada ka bari a ajiye shi.