Kafin ku yanke kuɗin kwat ɗin abokan ango

Ƴan uwana samarin Maraɗi, assalamu alaikum. Maganar nan ta daɗe tana cina a rai, kuma da ku nake, musamman ku da ake ɗora wa nauyin babban aboki idan biki ya taso.

Bara cikin watan Afrilu aka ɗaura auren wani ɗan fadarmu. Saura wata guda aka buɗe gurup a WhatsApp, aka zuba mu mu 14. Dare ɗaya sai ga hoton kwat ruwan toka da jan laktaye da takalmi sau-ciki, a ƙasa an rubuta: jika 45 (sefa dubu 45) kowane mutum, a kawo kafin Juma'a. Ba wanda aka yi shawara da shi. Masu hali suka fara turo shaidar biya, ana ta yi musu jinjina.

A cikinmu akwai mai kabu-kabu, babur ɗin ma ba nasa ba ne, kullum da magariba sai ya kai wa mai shi kuɗinsa kafin ya san abin da zai shiga da shi gida. Tun lakkol benci ɗaya suke zama da ango. Lokacin da ango ke neman yarinyar, shi ke goya shi zuwa zance har Tibiri, bai taɓa karɓar ko dala ta mai ba. A gurup bai ce uffan ba. A fada kuwa, duk sanda aka ɗauko zancen kwat, sai ya riƙa juya kofin shayi a hannu har ya huce bai kurɓa ba. Ranar biki na hango shi a bakin layi, zaune kan babur cikin farar shaddarsa ta Sallah, wankakkiya a goge, yana kallonmu muna jerin hoto. Na yafito shi, ya girgiza kai. Sai da aka watse ya zo ya kama hannun ango, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya tada babur ya tafi. A cikin hotunan bikin nan duka babu fuskarsa ko a ɗaya.

Ku yi lissafin da kanku. Mafi ƙarancin albashi da hukuma ta tsayar a Nijar daga shekarar 2024 jika 42 ne a wata, kuma da yawa daga cikin abokanmu ko albashin ba su da shi, buga-buga ce daga safe zuwa dare. To yaya za a yanka wa mutum abin da ya haura aikin wata guda, don kayan da zai sa awa huɗu? Namiji ba zai fito cikin gurup ya ce ba ni da shi ba. Ko dai ya ci bashi, ko ya sayar da wayarsa, ko ya janye jiki a hankali, ku kuma ku ce ya faye girman kai. Saboda haka babban aboki, kafin ka turo hoton kowane kaya, kira mutanenka ɗaya bayan ɗaya, kai da shi kaɗai, ka ji ƙarfin kowa. Aljihun wanda ya fi kowa rauni shi ne ma'auni. Idan mai hali yana son ya cika wa wani, ya cika a ɓoye, hannun hagu kada ya sani.

Akwai kuma abin da ake yi wanda dole a kira shi da sunansa. Wasu suna ƙara kuɗi a kan farashin anko ba tare da sun faɗa ba, don ragowar ta ɗinka wa ango nasa, ko ta zauna a aljihun mai tarawa. Cin amana ne. In gudummawa ake so, a ce gudummawa, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa.

Ban ce kwat haramun ba ce. Muna da ma'aikatan banki, muna da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da za su buƙace ta ranar kare kundinsu. Amma ku tuna inda muke. Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kwat kuwa tufar ƙasashen sanyi ce, da shafi a ciki, kuma mai arahar da ake kawo mana yawanci yadin roba ce da ba ta barin iska ta ratsa. A bikin da nake ba ku labari, kafin azahar bayan kowa ya jiƙe sharkaf. Da aka kira sallah sai ga mu a bakin buta muna kokawa da hannun riga, wandon kuma ya matse har zaman tahiya ya zama aiki. Ɗaurin aurenmu a kan tabarma ake yin sa, a ƙofar gida ko a masallaci, tsakanin iyaye da malamai, ana raba goro da dabino. Wanda ya zaɓi kaya bai yi tunanin tabarma da alwala ba, bai gama zaɓi ba.

In kun dage sai kwat, ku ɗauki launi mai duhu wanda mutum zai sake sawa wajen neman aiki, yadi marar nauyi, shafi kaɗan. Kowa ya je tela ya gwada shi da kansa, don kafaɗar kwat in ta ɓaci gyaranta wuya ne. Kada ku kai ɗinki ana gab da Sallah. Kada kuma ku dogara da kayan da za a auno daga hoto a turo ta Dan Issa, iyakarmu da Najeriya, saura mako guda. Mun ga yadda iyakar nan ta rufe a 2019, ta sake rufewa a 2023, kayan mutane suka maƙale a hanya.

Ni dai a ganina, a shiga babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a, a yanko yadi mai sauƙin kuɗi, a ba telan unguwa ya ɗinka kaftani, ya fi mana. Ba dole sai shaddar Getzner ta Ostiriya ba. Ko a ce kowa ya sa farin da yake da shi, hula kawai a yi iri ɗaya. Kaftanin nan zai je Juma'a, ya je suna, ya je Idi.

Mu ƴan garin kasuwa ne, ya kamata mu san labarin Abdurrahman ɗan Aufu. Da ya isa Madina ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya ce a nuna masa kasuwa. Da ya yi aure, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, alamar turare ya gani a jikinsa ya tambaye shi, sannan ya yi masa addu'ar albarka ya ce ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito zancen walimar nan.

Abokin nan namu mai kabu-kabu an sa ranar aurensa, bayan an cire amfanin gona. Da muka tambaye shi wane anko za a fitar, sai ya ce kowa ya zo da abin da ke cikin akwatinsa, shi dai mu zo da wuri mu taya shi shimfiɗa tabarmi.