Motar Bagobiri mai ciwo bakwai

Hantsi ne a unguwar Zariya ta Maradi. Yara huɗu sun turo wata tsohuwar Peugeot 504 har gindin bedin da Bakatsine mai gyaran wutar mota ke aiki. Alhaji Bagobiri na ciki riƙe da sitiyari, ya gyara zaman hula kamar shi ke jan ta.

BAKATSINE: A'a, bawana ne? Tun daga Tibiri aka turo ka?

BAGOBIRI: Ka ga ubangidanka ko tashi ba ka yi ba. Zo ka duba min ita, amma ka yi bisimilla tukuna. Motar nan an yi mata hannu.

BAKATSINE: Mi take yi?

BAGOBIRI: Ka ce mi ba ta yi. In na murza makulli sai ta ce ƙas, ta yi shiru. Fitilun gaba kamar aci-balbal. In na taka birki, fitilar kwana ce ke kamawa. In na sa kwanar hagu, baya duk ya dinga ƙyafta ido. Oda kuwa, kukan ɗan akuya mai mura.

BAKATSINE: Biyar ke nan.

BAGOBIRI: Rediyo na mutuwa in mun faɗa rami. Shekaranjiya kuma wayar totur ta yi zafi har da hayaƙi. Bakwai! Ciwo bakwai rana ɗaya, ka ce ba mahassada?

BAKATSINE: Wa ya taɓa ta kafin ni?

BAGOBIRI: Babu kowa. Sai dai na sa sabon batir, jikka 40. Na canza dimarar, abin tada injin, a Katsina. Wani yaro a tasha ya ce altarnata ce, mai cajin batir, ita ma na canza.

BAKATSINE: Wato babu kowa. Ɗan-koyo, kawo min mita.

Ya buɗe gaban motar, ya ɗora wayoyin mita bisa kawunan batir.

BAKATSINE: Bolt 12.6. Batirin nan ya fi ka lafiya, Alhaji. Na tabbata tsohon ma lafiyarsa lau. Ina yake?

BAGOBIRI: Na ba mai shayi, yana kunna fitila da shi.

BAKATSINE: Allah ya karɓi sadaka. Buɗe akwatin fis, yaro.

ƊAN-KOYO: Maigida, uku daga ciki ba fis ba ne. Takardar kwalin taba ce aka naɗe.

BAGOBIRI: Dabara ce. Fis na ƙonewa, wannan ba ta ƙonewa.

BAKATSINE: Ai shi ya sa ake sa shi, don ya ƙone a madadin motar. Ka kori mai gadi don yana yawan ihun ɓarawo. To saurara, bawana. Wuta ba ta tafiya sai da hanyar komawa. Ta fita ta kan ja, ta yi aikinta, ta dawo ta jikin ƙarfen mota zuwa kan baƙi. Shi ne mas. In hanyar nan ta toshe, sai ta bi ta gonar mutane kamar Gulbi ya yi ambaliya: ta fitilar kwana, ta wayar totur, duk inda ta samu.

BAGOBIRI: Karatun Katsinawa ke nan, tsawo ba nama.

BAKATSINE: Murza makulli mu gani.

Wayar mita ɗaya na bisa baƙin kan batir, ɗaya na jikin mota. Alhaji ya murza. Ƙas.

BAKATSINE: Bolt 4 ke ɓacewa tsakanin nan da nan, alhali ko rabin bolt bai kamata ba. Yaro, bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta.

ƊAN-KOYO: Maigida, akwai wani abu ƙarƙashin noti. Fata ce. Duk ta yi tsatsa a wurin.

BAKATSINE: Jawo ta.

ƊAN-KOYO: Laya ce!

BAGOBIRI: Kai, mayar! Kada ka taɓa ta ba alwala!

BAKATSINE: Wa ya sa ta nan?

BAGOBIRI: Ni. Malam ya ce a ɗaure ta inda ba za ta faɗi ba. Na ga noti mai ƙarfi, na kwance, na cusa igiyarta, na mayar.

BAKATSINE: Guda nawa ya ba ka?

BAGOBIRI: Biyu. Ɗaya gaba, ɗaya baya.

BAKATSINE: Yaro, je ka buɗe but, ka duba notin mas na fitilun baya. Kada ka sha wahalar nema.

Ba a jima ba sai ga yaro da ta biyun. Aka goge wuraren da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, aka ɗaure tam, aka sa fis na gaskiya. Murzawa ɗaya motar ta tashi, mita ta nuna bolt 14. Oda ta yi ƙara har jakin mai ruwa ya zabura.

BAKATSINE: Jikka 3, har da fis.

BAGOBIRI: Jikka 3 don kwance noti biyu? Miƙo min layuna dai.

BAKATSINE: Ga su. Wai na maganin mi ne?

BAGOBIRI: Haɗarin hanya da tsayarwar jandarma.

BAKATSINE: Sun yi aiki kuwa?

BAGOBIRI: Wata biyu ke nan, ko jandarma ɗaya bai tsayar da ni ba.

ƊAN-KOYO: Alhaji, ai wata biyun a ƙofar gida take.

BAGOBIRI: To ka ji! Malamin nan ba ya wasa. Bakatsine, akwai wani notin da babu wuta a jikinsa?