A Abuja ciwo ma ya zama laifi

Jama'a, abin da wasu masu kantuna da kamfanoni ke yi wa ƙananan ma'aikata a garin nan ya ishe ni. Mutum ya kwanta ciwo, ba shi ya ɗora wa kansa ba, ya aika takardar likita, ya lallaɓo ya koma bakin aiki ko magani bai gama sha ba, sai a ce masa an cike gurbinsa. Haka aka yi wa ƙanena, mai aikin sito a wani babban kanti a Wuse. Ya haura shekara uku yana fitowa daga Masaka tun asuba, yana shan cunkoson Mararaba da Nyanya. Taifod ta kayar da shi, ko mako biyu bai cika ba, manaja ya dube shi ya ce wai kanti ba asibiti ba ne. Babu notis, babu albashin watan, babu ko "ya jiki".

To wai ƙasar nan ba ta da doka ne? Akwai mana. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa, muddin likita mai rajista ya tabbatar da rashin lafiyar. Sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5 sai an ba shi notis na mako biyu, ko a biya shi kuɗin notis ɗin. Mai shekara 5 zuwa sama, wata guda. Kwana 12 ɗin ma rowa ce, ina wanda aka yi wa tiyata ko mai sikila zai kai su? Amma ko wannan ɗan kaɗan ɗin sun hana.

Inda suke cin galaba a kanmu shi ne takarda. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Ƙanena bai taɓa ganin tasa ba. Duk sanda ya tambaya, sai a ce oga ya yi tafiya. Da gangan suke yi wallahi, don ranar da suka kore ka su ce ai kai ɗan wucin gadi ne, ko kuma ejan ne ya kawo ka, je ka neme shi.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan Garki, Area 11. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010 shari'ar aiki ta koma hannunta ita kaɗai, kuma aka ba ta ikon duba yadda duniya ke yi. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, ta faɗa ƙarara cewa rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ba hujjar kora ba ce. Sai dai wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000, da me zai ɗauki lauya? Sun san wannan lissafin sarai, shi ya sa suke kora babu ko ɗar.

Innarmu cewa take a bar wa Allah. Na ce Inna, Allah ai bai hana neman haƙƙi ba. Jiya suka kira yaron wai ya zo ya sa hannu a takardar cewa shi ya ajiye aiki da kansa, su ba shi rabin albashi. Rainin hankali! Na hana shi. Mun tara alat na banki, katin shaidar aiki, takardar asibiti da saƙon WhatsApp da ya tura wa manajan ranar da aka kwantar da shi. Ofishin ƙwadago za mu fara kai ƙara, in suka ƙi biya mu nemi lauyan Hukumar Ba da Agajin Shari'a, mu haɗu a Garki.