Khunti, inda Indiyar fim ba ta kai ba

Jiya a majalisarmu ta bayan isha'i gardama ta kaure a kan Indiya. Wani abokinmu ya dage cewa ƙasar nan kashi biyu ce kawai, 'yan Hindu da Musulmi, sauran duk tarkace ne. Ban ga laifinsa ba. Yawancinmu a fim muka san Indiya, kuma fim bai taɓa kai mu Khunti ba. Ni ma da na je karatu can, da wannan tunanin na sauka daga jirgi. Abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai ne ya warware mini shi, ɗan ƙabilar Munda, wanda ya ja ni garinsu hutun ƙarshen zango.

Khunti ƙaramin gari ne a jihar Jharkhand, kimanin kilomita 40 kudu da Ranchi, babban birnin jihar. A 2007 aka mai da shi hedikwatar gunduma. A ƙidayar 2011 mutanen gundumar sun ɗan haura rabin miliyan, kuma kusan kashi uku cikin huɗu 'yan ƙabilun asali ne, waɗanda ake kira Adibasi. Wajen rubu'in mutanen gundumar Kirista ne, wani rubu'in Hindu, Musulmi 'yan kaɗan. Rukuni mafi girma kuwa, kusan rabi, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Su Sarna suke ce wa addininsu. A kansu nake son yin magana, domin a ganina su ne ake ja hagu da dama kamar akuyar da mutum biyu ke rigima a kanta, ba a tambaye ta inda take son zuwa ba.

Mun isa a farkon bazararsu, lokacin da itacen sal ke fure. Sarhul ake yi, wanda Munda ke kira bikin fure. Kowane ƙauye yana da ɗan kurmin da ba a sara, ko reshe ba a karya, shi ne sarna ɗin. Mai jagorancin ibadar sunansa pahan. Tun daren jajibere zai cika tukwanen ƙasa da ruwa ya ajiye, da safe a buɗe a duba. In ruwan bai ragu ba, damina za ta yi albarka. In ya ja baya, a fara tattalin hatsi. Ana yanka zakaru, ana roƙon Singbonga, babban abin bautarsu, sannan pahan ya bi gida gida da furen sal a faifai, yana soka wa mutane a bayan kunne, yana maƙalawa a ƙofa. Mata sanye da farin sari mai jan baki, sun riƙe ƙugun juna a jere, ganga na tashi. An miƙo mini handiya a kwanon ganye, giyar shinkafa ce, na ce ni Musulmi ne. Tsohuwar da ta kawo ba ta ko ɓata rai ba, ta koma ta dawo da shayi, ta ce "Johar", gaisuwarsu ke nan.

Kwana shida bayan nan sai garin ya sake kama. An zo Ramnabami, bikin 'yan Hindu na haihuwar Rama, tutoci masu ruwan goro ɗauke da hoton Hanuman suka cika kasuwa, a kan gorori dogaye, gefe da gefe da tutocin Sarna masu ratsin ja da fari da ba a riga an sauke ba. Ga kuma coci-coci na shirin Ista. Wani mai shago a bakin tasha yana sayar da tutocin nan iri biyu a tebur ɗaya, kuma ban ga alamar abin ya dame shi ba. An ce mini in da na zo da damina, a watan Sawan, da na ga cincirindon masu kai ruwa wurin bautar Shiba na 'yan Hindu da ke Angrabari, kan hanyar garin Torpa.

In ka tsaya a nan sai ka ce ai zaman lafiya ne tsantsa, ka yi ta yabo. Ni ban tsaya a nan ba, saboda tarihin garin bai bar ni ba.

'Yan mishan na farko Jamusawa ne na cocin Gossner, sun iso Ranchi a 1845. Shekara biyar suna wa'azi kafin su samu waɗanda suka yarda aka yi musu baftisma, a 1850. Abin da ya sauya lissafi maganar fili ce. Munda suna da tsarin da suke kira khuntkatti: zuriyar da ta sare daji ta kafa ƙauye ita ke da filin, a dunƙule. Sai ga baƙin masu karɓar haraji da masu ba da bashi da ruwa, waɗanda Munda ke kira diku, sun ƙwace gonaki sun ɗora musu aikin tilas, Turawan mulki suna mara musu baya da takardu. A 1885 wani fada, wato limamin Katolika, ɗan Beljiyam, Constant Lievens, ya zauna a Torpa. Ya karanci dokokin fili, ya riƙa nuna wa manoma abin da doka ta ce su biya da wanda ba ta ce ba, yana haɗa su da lauyoyi. Da aka fara cin shari'a, ƙauyuka suka dinga zuwa gaba ɗayansu. Dubbai suka shiga Katolika cikin 'yan shekaru. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ban ce babu wanda ya shiga da zuciya ɗaya ba, jikokinsu na nan suna ibadarsu tsakani da Allah. Amma ƙofar da aka shigo ta ita, ƙofar kotu ce.

Birsa Munda shi ne ya fi kowa nuna sarƙaƙiyar lamarin. An haife shi a Ulihatu, cikin gundumar nan, ranar 15 ga Nuwamba 1875. Ya yi makarantar mishan ta Jamusawa a Chaibasa, ya fita, ya zauna da wani malamin Hindu, daga baya ya kafa tafarkinsa. Ana jingina masa maganar cewa Bature da Bature hularsu ɗaya ce, wato fada da jami'in mulki ba su da maraba. A jajiberin Kirsimeti na 1899 mutanensa suka yi ruwan kibau a wuraren mishan, har da na Sarwada. A Janairun 1900 suka far wa ofishin 'yan sandan Khunti, sojoji suka buɗe musu wuta a tsaunin Dombari. Birsa ya mutu a kurkukun Ranchi ranar 9 ga Yuni 1900, bai cika shekara 25 ba.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Fadan da ke Sarwada lokacin da kiban suka sauka, Bajamushe John-Baptist Hoffmann, shi ne ya tsaya kai da fata wajen bayyana wa hukuma tsarin filin Munda, har aka kafa dokar 1908 da ta hana sayar da gonar ɗan ƙabila ga wanda ba ɗan ƙabila ba. Shi ne kuma ya tattara harshensu da al'adunsu a wani ƙaton kundi mai juzu'i fiye da goma. Yau har 'yan Sarna masu adawa da coci suna buɗe kundin in ana gardamar al'ada. To ka ce da shi me? Maƙiyi ko majiɓinci? Ni dai na kasa sa shi a kwando ɗaya.

Yanzu kowa Birsa nasa ne. An kafa jihar Jharkhand ranar zagayowar haihuwarsa a 2000, filin jirgin Ranchi sunansa ne. Ƙungiyoyin kishin Hindu suna cewa ya yaƙi mishan, don haka nasu ne, kuma 'yan Sarna ai Hindu ne da ke zaune a daji. A 2017 jihar ta kafa dokar taƙaita sauya addini, wasu kuma na neman a cire duk ɗan ƙabilar da ya zama Kirista ko Musulmi daga kason guraben aiki da karatu da aka ware wa ƙabilun. Coci ma ba ta fita fes ba. A 2013 an kafa mutum-mutumin Maryamu a wani coci kusa da Ranchi, sanye da farin sari mai jan baki, 'yan Sarna suka fito zanga-zanga, suka ce satar kama ce don a ruɗi yaransu. Na fahimci fushinsu sarai.

Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: gurbinsu a takardar ƙidaya. Addinai shida ne ke da lamba, Hindu, Musulunci, Kiristanci, Sikh, Buddha da Jain, kowa kuma ya faɗa "sauransu". Duk da haka kusan mutum miliyan 5 suka rubuta Sarna a 2011. A Nuwamban 2020 majalisar jihar ta amince da ƙudurin neman lambar, ta tura Delhi. Ni ba addinina ba ne, ba kuma wa'azinsa nake yi ba. Amma mu da muka san yadda ake dunƙule Maguzawa da kalma ɗaya a wuce, bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Mutum ya ce ga sunansa, ka rubuta abin da ya faɗa.

Da gwamnati ta yi yunƙurin sassauta dokar 1908 a 2016, Kirista da 'yan Sarna tare suka fito titi, har gwamnar jihar ta lokacin, Droupadi Murmu, wadda ta zama shugabar Indiya a 2022, ta mayar da ƙudurin ba ta sa hannu ba.

Ranar da zan taho abokina ya kai ni bayan ƙauyensu, inda faffaɗan duwatsu ke kwance a ƙarƙashin tsamiya. Sasandiri suke ce musu, ƙasusuwan kakanni ne a ƙasa. Mahaifinsa ɗan cocin Gossner ne, baffansa kuwa ɗan Sarna, rabonsu da yin ibada tare tun suna yara. Ya dafa wani dutse da gansakuka ta rufe, ya ce wannan ne takardar filinsu, kuma su biyun duk shi suke nunawa in an zo awon gona.