Stoke Bruerne ba wurin hutu aka gina shi ba

Jama'a, duk wanda ya ɗora hoton ƙauyen Stoke Bruerne na Ingila, yabon kwanciyar hankalin wurin yake yi: gidajen dutse, siraran jiragen ruwa masu fenti kala-kala, agwagi suna ta iyo. Kyau kam akwai shi. Amma wannan yabon yana ɗan ci mini rai, domin gumin talakawa ne ya mayar da wurin haka.

Ƙauyen yana gundumar Northamptonshire, mutanensa kimanin 400 ne, da cocinsu na St Mary da ƙaramar majalisarsu mai kula da harkokin gari. Tsoho ne ƙwarai, har sunansa ya fito a kundin ƙidayar filaye na shekarar 1086. Abin da ya sauya shi shi ne mashigin ruwan da aka haƙa da hannu don haɗa Landan da tsakiyar ƙasar, wanda yau ake kira Grand Union. Tudun Blisworth ya tare hanya, sai da aka huda shi, aka buɗe ramin a 1805. Tsawonsa ya kusa kilomita uku.

To ga inda nake so ku tsaya. A cikin ramin nan babu hanyar doki, alhali doki ne ke jan jirgin. Sai a kwance dokin a haura da shi ta kan tudu, mutane kuma su kwanta a kan katako a gefen jirgin, su riƙa tura bango da ƙafa, taku bayan taku, cikin duhu, ruwa na ɗiga musu daga sama, ga lodin kwal. Sana'ar wasu ke nan har aka kawo jiragen tururi masu ja a 1871. Su kuwa masu jirgin, miji da mata da 'ya'ya, duk a ɗan ɗaki guda a bayan jirgi suke kwana, faɗinsa bai kai ƙafa bakwai ba.

Jirgin ƙasa da manyan motoci sun kashe kasuwar, sanyin 1963 da ya daskarar da ruwan ya ƙarasa ta. A shekarar aka mayar da tsohon injin niƙan hatsi gidan tarihi. Wannan kam sun yi dabara, kuma ƙofofin ruwa bakwai da ke sauke jirgi daga tudu suna aiki har yau.

Sai dai baƙi sun fi cika mashaya da wurin shan shayi. Da ni za a tambaya, da kowa sai ya fara tsayawa ƙofar gidan Mary Ward, matar da ta shafe shekaru tana jinyar iyalan masu jirgi, mutanen da yawo bai bar su sun samu likita ko makaranta ba. Gwamnati ta ba ta lambar girma a 1951.